Wa ya buge shi, ko mi ya same shi?

Ƴan'uwa ɗalibai, tambaya biyu ake iya yi a kan mutumin da ya faɗi, bakinsa ya karkace, hannu da ƙafa na ɓari guda sunka saki. Ta farko: wa ya yi mishi? Ta biyu: mi ya same shi? Ga kunne kamar tambaya guda ce, amma kowace da hanyar da take bi da mutanen gida. Ta farko tana kai su ɗakin mai duba, daga nan ta kai su ga zargin wani. Ta biyu tana fidda su bakin hanya neman mota. Abin da nike so mu tattauna shi ne: zaɓen tambayar nan yana cikin abubuwan da za a iya kama mutum da laifi a kansu? Wato sunan da muke ba ciwo yana da ruwa da kyawon hali ko muninsa? Ni ra'ayina yana da ruwa, kuma mu da munka zauna bisa bencin lakwal alhakin ya fi hawa kanmu.

Ku saurari sunayen da ake ba ciwon nan a Tawa da ƙauyukan Adar. Wani ya ce "iska ta buge shi", wani ya ce "ya gamu", wani ya ce "jihwa anka yi mishi". A rediyo za ka ji shanyewar ɓarin jiki ko mutuwar ɓarin jiki. Ma'aikatan asibiti kuwa AVC suke cewa. Sunayenmu na gida ko dai suna nuna wani maɓoyin maƙiyi, ko suna nuna hannu da ƙafa. Babu ko guda da ke nuna kai, alhali a cikin kai abin ya faru.

Lambun da ke cikin kai

Duk wanda ya taɓa shiga lambun albasa a Galmi, Tamaske ko bakin tabkin Tabalak ya san tsarin: injin ban ruwa guda, babbar hanya ta ɗauko ruwan, ƙananan hanyoyi su raba shi fangali fangali. To, zuciya ita ce injin, jijiyoyin jini su ne hanyoyin, ƙwaƙwalwa ita ce lambun. Nauyinta bai wuce kashi 2 cikin 100 na jikin babban mutum ba, amma tana cin kusan kashi 20 cikin 100 na iskar shaƙa da jini ke ɗauke da ita. Kuma ba ta da rumbu, ba ta ajiya. Albasa na iya haƙuri da ƙishirwa kwana ɗaya ko biyu. Ƙwayoyin ƙwaƙwalwa cikin ƴan mintoci suke fara mutuwa in jini ya yanke musu.

Hanya biyu ce jinin ke yankewa. Ko dai gudan jini ya toshe jijiya, fangalin da ke gaba ya bushe, ko kuma jijiya ta fashe, jini ya malala ya danne abin da ke kewaye da shi. Wani babban bincike mai suna SIREN, wanda anka yi a asibitocin Najeriya da Gana, har da na Kano da Zariya, anka wallafa sakamakonsa a 2018, ya samu cewa cikin marasa lafiya fiye da 2,000 kusan kashi 68 cikin 100 toshewa ce, kashi 32 fashewa. Kason fashewar nan ya fi wanda ake gani a Turai da Amurka yawa.

Kowane fangali a lambun nan da aikinsa: wannan shi ke motsa hannu, wancan shi ke haɗa kalmomi, wani shi ke gani, wani shi ke riƙe da daidaiton tahiya. Kuma wayoyin da ke sauka daga ƙwaƙwalwa zuwa jiki ƙetarawa suke yi: ɓarin hagu na kai shi ke mulkin ɓarin dama na jiki, na dama kuma shina mulkin hagu. Ga yawancin mutane, wurin magana a ɓarin hagu yake. Shi ya sa wanda damansa ta shanye sau da yawa magana take tafiya tare da ita. Hannun da ake ta shafawa da mai, ana gasawa, ana tsagawa, lafiyarsa lau a ranar farko. Umarni ne ya daina iso mishi daga sama.

Mi ke lalata hanyoyin? Babban mai laifi shi ne hawan jini, wanda muke kira tansiyon. Shekara da shekaru jini na tafiya da ƙarfin da ya wuce kima, bangon jijiya na ƙara tauri da rauni, mutum kuwa shina noma, shina kasuwa, bai jin komi. Binciken SIREN ya nuna hawan jini shi ne kan gaba nesa ba kusa ba cikin abubuwan da ke kawo ciwon a yankinmu. Bayansa akwai ciwon sukari, yawan maiƙo cikin jini, taba, yawan gishiri, rashin motsa jiki da ciwon zuciya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan rabin manyan da ke da hawan jini ba su san suna da shi ba. Ke nan abin da muke gani kamar bugun farat ɗaya ya daɗe shina tahowa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Ba mu kaɗai munka ce "bugu" ba

Kada wani ya ɗauka kakanninmu wawaye ne da sunka ce buge mutum anka yi. Wanda ke tsaye lafiya da safe, kafin hantsi shina kwance bai iya kiran sunan ɗiyarsa, kuma ba rauni ba jini, dole hankali ya nemi mai bugu. Girkawan dā tun zamanin Hippocrates sunan da sunka ba ciwon ma'anarsa wanda anka buge ya faɗi. Kalmar Ingilishi ma har yau ma'anarta bugu. Idon mutum ko'ina abu guda ya gani.

Bambancin shi ne wasu sun ci gaba da tambaya. Ibn Sina, a littafinsa na likitanci al-Ƙanun da ya kammala a 1025, ya yi bayanin ciwon da sunan sakta, ya kuma danganta shi da toshewa a cikin ƙwaƙwalwa. Malami ne musulmi, kuma shekaru kusan dubu ke nan. A 1658 wani likita ɗan ƙasar Suwis, Johann Jakob Wepfer, ya buɗe kawunan mutanen da ciwon ya kashe, ya tarar da jini ya zuba a ciki. Yau na'urar sikana tana nuna wurin a hoto mutum na raye. Saboda haka cewa ciwon nan na ƙwaƙwalwa ne bai zama al'adar Nasara da ta zo ta ture tamu ba. Abu ne da anka gani da ido, musulmi da wanda ba musulmi ba sunka sa hannu wajen gano shi.

Abin da tambayar "wa" ke ci

Wani zai ce: to mi ya yi zafi? Kowa ya kira ciwo da sunan da ya ga dama. Da suna a baki yake tsayawa, da na yarda. Amma suna shi ke ba ƙafa umarni, kuma tambayar "wa" tana cin abu uku.

Na farko lokaci. Wani likita a Amurka, Jeffrey Saver, ya yi lissafi a 2006 cewa in babbar jijiya ce ta toshe, kimanin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa miliyan 1.9 ke mutuwa kowane minti. Maganin da ke narkar da gudan jini cikin awa huɗu da rabi na farko ake ba da shi. Yanzu ku auna wannan da yadda yini ke tafiya a gidajenmu. A shimfiɗe mara lafiya, a yi hayaƙi, a aika kiran mai magani. A jira maigida ya komo daga gona ko kasuwa. Sannan mu Adarawa muna da namu jinkirin na musamman: mai yanke shawara da mai kuɗɗi sau da yawa shina wajen biɗa, a Abijan, Libiya, Aljeriya ko Legas. Sai an same shi a salula, sai ya ce a tahi, sai ya aiko. Kafin a kama hanyar Tawa daga Barmu, Takanamat ko ƙauyukan Keita, kwana biyu ko uku sun wuce.

Na biyu, tana sa hannun masoyi ya yi ɓarna. Da yawa cikin waɗanda ciwon ya kama ba su iya haɗiya daidai a kwanakin farko. In anka ɗaga kansu anka ɗura musu ruwa, jiƙo, hura ko rubutu, abin na iya bin hanyar iska ya sauka cikin huhu, ya zama ciwon huhu mai kisa. Haka wanda zai sayo asfirin wajen mai tallan magani don ya ji an ce tana tsinka jini: in toshewa ce likita na iya ba da ita, in fashewa ce ƙara zubar jinin za ta yi, kuma ido bai iya rarrabe su biyun sai da hoto. Uwa ko mata da ke ɗura ruwan nan don ƙauna take yi. Amma ƙauna ba ta canza hanyar da ruwa zai bi a maƙogwaro.

Na uku shi ya fi damuna. Tambayar "wa" ba ta komawa gida hannu sake, dole ta samo suna. Kuma sunan da take samowa ba na mai ƙarfi ba ne. Kishiya ce, ko tsohuwar da ba ta da ɗa namiji a gari, ko ɗan'uwan da anka yi gardamar iyakar gona da shi bara. Daga ranar an daina cin abincinta, an hana yara shiga ɗakinta, wataƙila aure ya mutu, zumunci ya yanke har jikoki. Jijiya ta fashe a kan mutum guda, amma mutum biyu sunka faɗi, kuma na biyun mu munka kada shi da bakinmu. Wanda ya ce ma wani maye ko mai jifa ba tare da hujja ba ƙazafi ya yi, ko da hawaye ne a idonsa lokacin da ya faɗa.

Nan ne nike ganin jahilci ya rabu biyu. Akwai rashin sanin wanda bai taɓa samun mai gaya mishi ba; wannan uzuri gare shi. Akwai kuma na wanda ya karanta darasin zagayawar jini a aji, ya ci jarrabawa a kai, sannan ranar da abin ya zo gidansu ya yi shiru don kada a ce yaro ya cika baki. Wannan na biyun ya san hanyar rijiya, ya bar mutane suna haƙa a kan dutse.

To ƙaddara fa?

Na san abin da wani zai ce, don muna jin shi kullum: "Ciwo da lahiya dut na Allah na. Kai ɗan lakwal, ka hi malammai sani?" Amsa ita ce babu mai gardama cewa komi da ƙaddara yake faruwa. Gardamar a kan mi ƙaddara ta ɗora mana mu yi. Malamanmu suna ba da labarin Sayyidina Umar lokacin da ya nufi Sham ya samu labarin annoba ta ɓarke can. Ya yi shawara, ya juya da jama'arsa. Da anka tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi, sai ya ba da misalin makiyayi a kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa ɗaya ƙeƙasasshe: duk gefen da ya kai raƙumansa cikin ƙaddara yake, amma zaɓen gefen yana hannunsa. Duk wanda ya san kiwo a Abalak ko Cintabaradan ya gane misalin nan ba sai an yi mishi sharhi ba.

Kuma addu'a da mota ba kishiyoyi ba ne. Ana iya karanta ma mara lafiya addu'a shina kwance bayan mota, ana iya yi mishi tofi a gadon asibiti. Abin da ba a iya yi shi ne a maido da awa shida da anka ɓata. Imani da cewa akwai aljanu abu ne dabam, cewa aljani ne ya shanye hannun baba kuma magana ce dabam da ke bukatar hujja. Wanda ya ce aljani ne, mi ya gani? Wanda ya ce jijiya ce, shina iya nuna maka awon tansiyon da hoton kai. In dattijo ya ce a kira malam, ba sai ka yi mishi musu ba. Ka ce: "To Baba, a kira shi ya same mu can, ko mu ɗauke shi mu tahi tare."

"In mun sani, sai mi?"

Ga ƙalubalen da ya fi na farko nauyi, kuma bai kamata mu kauce mishi ba. Wani zai ce: kun ce awa huɗu da rabi. Daga Tawa zuwa Yamai fiye da kilomita 500 ne. Maganin narkar da gudan jini ba kowane asibiti ke da shi ba ko a manyan birane. Hoton kai kuɗɗi ne, mota kuɗɗi, kwanciya kuɗɗi. Talaka zai saida akuya da hatsin shekara, a ƙarshe a maido mishi da tsohonsa hannu na lilo. Ashe iliminku bai ƙara mishi komi ba sai baƙin ciki da bashi?

Akwai gaskiya cikin maganar, kuma wanda ya raina ta bai san talauci ba. Amma ba ta kai inda take so ta kai ba, saboda dalili uku.

Ɗaya, ba duk abin da ya yi kama da shanyewa ne shanyewa ba. Faɗuwar sukari cikin jini na iya karkatar da baki ta ɗauke magana, kuma digon jini a yatsa ya isa a gane, a gyara nan take. Sanƙarau da zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai su ma suna iya ruɗa mutane, kuma suna da magani. Wanda ya zauna gida bai ma san wanne ne ya same shi ba.

Biyu, ko ba maganin nan mai tsada, abin da ke ceton rai a kwanakin farko sau da yawa ƙananan abubuwa ne: a duba tansiyon da sukari, a sauke zazzaɓi, a gwada haɗiya kafin a ba da abinci, a sa ruwa ta jijiya, a dinga juya mara lafiya kada bayansa ya yi gyambo. Waɗannan ana samun su a babban asibitin jihar Tawa, da asibitocin gundumomi, da asibitin Galmi da ke aiki tun 1950. Majo na ƙaramin asibitin ƙauye ma shina iya fara wasu ya tura gaba.

Uku, kuma shi ne babba: mafi amfanin sanin nan kafin faɗuwa yake. Binciken INTERSTROKE da anka yi a ƙasashe 32, anka wallafa a 2016, ya nuna abubuwa goma da ake iya gyarawa su ke da alhakin kusan kashi 90 cikin 100 na haɗarin ciwon. Awon tansiyon bai kai minti biyar ba. In ya kai 14 da 9 ko ya wuce, kuma anka sake awo ya tabbata, akwai ƙwayoyi da kuɗinsu bai kama ƙafar kuɗin jinyar shanyewa ba. Gishirin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce a yini bai kai giram 5 ba, ƙaramin cokali guda ke nan, har da wanda ke cikin dunƙulen magi. Kanwa ma danginsa ce. Binciken SIREN ya samu masu yawan cin ganye haɗarinsu ya fi ƙanƙanta, ga shi kuwa zogala, rama, lalo da yakuwa ba daga waje ake kawo mana su ba. Tambayar "wa" ba ta da rigakafi sai laya da tsoron maƙwabci. Tambayar "mi" tana da shi, kuma talaka na iya biya.

Mutumin shina nan

Akwai wani tarko da ya kamata mu lura da shi. A Hausa in ka ce ƙwaƙwalwar wane ta taɓu, abin da kunne ke ji shi ne hauka. Saboda haka in munka shiga gari muna cewa "ciwon ƙwaƙwalwa ne" ba tare da bayani ba, za mu fidda mara lafiya daga hannun aljani mu saka shi cikin sahun mahaukata. Dole mu ƙara da cewa: wani yanki ne ya lalace, sauran na aiki.

A 1861 likita Paul Broca a birnin Paris ya yi nazarin wani mutum da shekaru da yawa bai iya furta komi sai "tan", amma shina gane yawancin abin da ake ce mishi. Da ya rasu, anka tarar da lalacewa a wani yanki na gaban ɓarin hagu. Darasin shi ne magana dabam, hankali dabam. Tsohon da ke kwance shina ta maimaita kalma guda, mai yiwuwa shina jin duk abin da ake faɗi a kansa. Shina ji lokacin da ake cewa "ai wanga ya ƙare", shina ji ana shawarar saida gonarsa ko aurar da ɗiyarsa ba a dube shi ba. Ku yi tunanin kanku cikin ɗakin da anka kulle, kuna ganin kowa ta taga, ba mai jin kiranku. Wasu kuma ciwon na sa su kuka ko dariya ba dalili, don birkin da ke riƙe su ya lalace, sai a ce ga shaida nan aljanin ne ke magana.

Mi ke sa mutum ya zama mutum a idonmu? In bakinsa ne da ƙarfin damtsensa, to duk wanda ya tsufa ko ya kwanta ya fita daga lissafi, kuma kowanenmu na bisa hanyar fita. Hausawa da sunka ce wane mutum ne, ko wane ya san mutunci, ba ƙarfi suke nufi ba. Mutunci abu ne da ke tsakanin mutane: wani ya riƙe maka, ka riƙe mishi. Ranar da mutum bai iya kare nasa da bakinsa, ranar ce za a san ko na kewaye da shi sun san shi. A aikace wannan na nufin a gaishe shi da sunan girman da anka saba, a yi mishi magana kai tsaye, a yi tambayar da zai amsa da kai ko da matsa hannu, a ba shi lokaci, a rufa mishi jiki in ana gyara shi, a fito da shi inuwa cikin mutane.

Kuma kwanciyar ba lalle ta zama ta har abada ba. Ƙwaƙwalwa na iya koyon sabuwar hanya, yankin da ya tsira ya karɓi wani abu na aikin wanda ya mutu, musamman a watannin farko, in ana motsa gaɓoɓi kullum, ana zaunar da mutum, ana tsayar da shi, ana sa shi gwada magana. Aikin masu kine ke nan, kuma suna iya koya ma ƴan gida. Louis Pasteur da muke karantawa a aji, ciwon nan ya kama shi a 1868 shina da shekara 45, ya raunana mishi ɓarin hagu. Shekara 17 bayan haka, a 1885, ya gwada rigakafin ciwon haukan kare a kan ɗan Adam ya yi nasara. Ba kowa zai warke haka ba, wasu ba za su tashi ba. Amma wanda anka jefa ƙuryar ɗaki anka ce ya ƙare, an yanke mishi hukunci tun ba a gwada ba.

Sai maganar wanda ke jinya. Mu faɗi gaskiya: a gidajenmu mace ce. Ita ke ɗagawa, ita ke wanki, ita ke tashi tsakar dare, kuma in hannu ya yi kaɗan ƴar makaranta ake cirewa daga aji. Ɗan da ke wajen biɗa ya aiko kuɗɗi a yi ta sa mishi albarka, wadda bayanta ya ƙage wajen ɗaga mutum ba mai tuna ta. Mu samari da ke gida, ɗaga uba ko kaka zuwa bayan ɗaki bai rage ma namiji komi. In muna cewa mara lafiya mutum ne, to mai jinyarsa ma mutum ce.

Namu aikin

Kada mu ɗauka ciwon tsofaffi ne kawai. Ƙungiyar da ke yaƙi da shi a duniya, wadda ta ware 29 ga Oktoba ta kowace shekara don faɗakarwa, ta ce mutum ɗaya cikin huɗu na waɗanda sunka haura shekara 25 zai gamu da shi a rayuwarsa. Yaro mai amosanin jini, wanda wasu ke kira sikila, na iya samunsa. Mace mai ciki da tansiyonta ya hau na cikin haɗari. Sigari da shisha da muke gani a fada suna fara cin jijiya tun yanzu.

Mu da ke lise ko Jami'ar Djibo Hamani ba likitoci ba ne, kada mu yi shigar su. Amma akwai abin da ke hannunmu. Mu riƙe alamu uku: fuska ta karkace, hannu ko ƙafa na ɓari guda ya saki, magana ta sarƙe ko ta ɗauke, duk farat ɗaya. In munka ga ko guda, mu duba agogo mu riƙe lokacin, mu kwantar da mutum bisa gefensa, kada a ba shi komi ta baki, a nemi abin hawa. Ko da alamar ta wuce cikin ƴan mintoci mutum ya tashi ya ce ya ji sauƙi, a tahi, don sau da yawa gargaɗi ne babba na tafe. Mu yi magana da ƴan'uwanmu na wajen biɗa tun lafiya lau, a yi yarjejeniya: in irin haka ta faru, a wuce asibiti, a kira su daga hanya. In mun je hutu, mu raka baba da inna awon tansiyon, mu karanta musu ordonans, mu tuna musu cewa maganin hawan jini ba a barin shi don an ji sauƙi. In anka fara raɗa sunan wata a gidan mara lafiya, mu buɗe baki da ladabi mu ce jijiya ce, mu bayyana yadda take.

Wataƙila a ce mana yara. Wataƙila wani kawu ya ɗauke kai kwana biyu. Wannan farashi ne mai sauƙi in an gwada shi da hannun da za a iya cetowa ko sunan baiwar Allah da za a iya wankewa. Ilimin da iyayenmu sunka saida hatsi da bisashe munka samu, in bai yi musu amfani ranar da sunka faɗi ba, yaushe zai yi?

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya saka ma masu jinyarsu da alheri.